Sunan Baba a Kundin Hedikwata

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. Sau uku ina sayen littafin rubutu saboda ita. Na farko na cika shafi biyu na yage, don na ga kamar ina cin naman mutane. Na biyu ya ƙare a hannun maiɗakina tana fifita gawayi da shi. Wannan shi ne na uku. Abin da ya riƙa riƙe mini hannu shi ne iyakacin bokona aji shida ne na firamare, maganar kuma ta shafi na'ura, ta shafi wanda ya riga mu gidan gaskiya, ta shafi mutanen da har gobe nake gaisawa da su. Shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba, har nawa. Barin nawa ba zai ba ni wahala ba, tunda a wurin aikina ma shekara goma sha tara ke nan ba su kama shi ba.

Ina aiki a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti a cikin birni, ta wajen Gwale, in ka miƙa kamar za ka Ƙofar Kabuga. Asibitin na wata ƙungiya ce mai taimakon jama'a. Tana da irinsa da dama, hedikwatarta kuma tana can bayan gari, inda ake shuka fulawa a ba ta ruwa sau biyu a rana. Aikin ɗakin kati ba wani abin a zo a gani ba ne. Mara lafiya ya zo taga, ka nemo katinsa, in sabo ne ka buɗe masa, ka rubuta suna da unguwa da shekaru, da maganin da jikinsa ba ya karɓa in akwai, sannan ka tura shi ciki.

Wanda ya kawo ni shi ne magatakardan ɗakin, abokin mahaifina, wanda kowa a asibitin yake ce wa Baba. Ranar da na fara aka ce mini ni ma'aikacin wucin gadi ne, za a tabbatar da ni da zarar an buɗe ɗaukar ma'aikata. An buɗe kuwa, sau da yawa. Ni dai labarin rufewar yake iso ni. A cikin wannan wucin gadin na yi aure, na aurar da ƙanne biyu, furfura ta fito mini.

Da aka kawo kwamfuta, Baba ya dube ta sau ɗaya ya ce haskenta yana sa masa hawaye, ya ja kujerarsa ya koma bakin taga. Ni na zauna na koya, da yatsa ɗaya, daga baya da biyu. Duk katunan marasa lafiya aka zuba su cikin abin da ake kira rumbun bayanai, wato wuri guda a cikin na'urar da za ka rubuta suna ko lamba, katin mutum ya fito gabanka. A wancan lokaci rumbun da kansa yake riƙe da sunayen masu shigarsa. Injiniyan ƙungiya ya tambaye ni sunana, ya rubuta, ya ce in zaɓi kalmar sirri, na zaɓa. Bai tambaye ni satifiket ba. Shekara huɗu muka yi a haka ni da na'urar, ba wanda ya ji kanmu.

Sai wata Litinin Injiniya ya dawo da jakarsa a baya, ya tara mu a ɗakin kati: ni, da Baba, da nas-nas, da Hajiya, wadda ita ce shugabar asibitin. Ya ce an kawo ci gaba. Tun daga nan na san akwai wata a ƙasa, don ban taɓa ganin an kawo mana ci gaba ya tafi bai taka wani ba.

Ya ce, "Daga yau rumbun nan ba zai ƙara ajiye sunan kowa ba. Za ka rubuta sunanka da kalmar sirrinka kamar kullum, amma shi sai ya aika hedikwata ya tambayi babban kundin ma'aikata: kun san wannan? In kundin ya ce namu ne, ɗan ɗakin kati ne, sai ya buɗe maka iya abin da ya shafi ɗakin kati. In ya ce bai san ka ba, shi ke nan. Kun gane?"

Na ɗaga hannu kamar a aji. Na ce, "Injiniya, na'urar da muke tare shekara huɗu, kullum ni nake goge ta in lulluɓe ta, yau ita ce ba ta san ni ba sai ta tambayi wani a bayan gari?"

Ya ce, "Ba aikinta ba ne ta san ka, Malam. Kamar baƙo ne ya zo neman hayar ɗaki. Ai mai gida ba zai ba shi makulli ba sai mai unguwa ya shaide shi."

Baba daga bakin taga ya ce, "Mai unguwa dai ana zuwa ƙofar gidansa a gaishe shi. Wannan naka ina soronsa yake?"

Aka yi dariya. Injiniya ya ce amfanin abin shi ne, duk wanda ya bar aiki, wuri ɗaya za a goge sunansa, ƙofofin duk asibitocin ƙungiya su rufe masa lokaci guda. Ba sauran tsohon ma'aikaci ya dawo ya leƙa sirrin marasa lafiya. A raina na yarda da wannan, don katin mutum amana ne. Na san wadda ta yi ɓari sau uku dangin mijinta ba su sani ba. Ba zan so kowa ya buɗe ba.

Aka fara gwaji. Hajiya ta shiga. Nas-nas suka shiga. Aka kira Baba, wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan madannin ba, aka taimaka masa ya zaɓi kalma, nan take na'ura ta buɗe tana yi masa barka da zuwa da cikakken sunansa. Sannan na zauna na rubuta nawa. Ta yi ɗan jim tana tambayar hedikwata, ta dawo da jan rubutu. Na sake a hankali, ko na yi kuskure. Jan rubutu.

Injiniya ya ce, "Mece ce lambarka ta ma'aikaci?"

Na ce ba ni da ita.

"Shekara nawa kake nan?"

Na faɗa masa. Ya sosa ƙeya ya ce zai tura maganar sama. Ina jin saman nan da nisa take, don har yau maganar ba ta sauko ba.

Bayan ya tafi, layi ya taru a taga. Baba ya ɗauki wani tsohon kati, ya sa na rubuta masa kalmar da ya zaɓa a bayansa don kada ya manta, sannan ya miƙo mini katin. Ya ce, "Ungo. Shiga da nawa."

Na ce, "Baba, anya ya halatta?"

"Na wakilta ka. Ko sai na kira shaidu biyu?"

Na tambaye shi sau uku a ranar, washegari na ƙara sau ɗaya, har ya ce in na sake tambaya zai janye wakilcin in ga ta inda zan shiga. Daga ranar, kullum da safe ni nake zama, Baba ake yi wa barka da zuwa. Duk katin da na buɗe, a ƙasansa na'ura tana rubuta cewa Baba ne ya shigar, ranar kaza, ƙarfe kaza. Wata takwas da fara haka, hedikwata ta aiko wa Baba takardar yabo mai hatimi, cewa a duk asibitocin ƙungiya babu mai saurinsa a kwamfuta, matasa su yi koyi da shi. Ya sa Hajiya ta karanta masa sau biyu. Ya ninke ya sa a aljihu, ya dafa kafaɗata ya ce in ƙara ƙoƙari, kada in zubar masa da mutunci.

Baba ya rasu wata Laraba bayan la'asar, jinyar kwana shida. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Hedikwata ta turo mutum biyu ta'aziyya a mota mai tambarin ƙungiya, suka zauna a soro, aka yi addu'a, suka tafi. Na ɗauka tunda sun zo da ƙafarsu, ƙungiya ta san ya rasu. Ashe ofishin da yake zuwa ta'aziyya daban, ofishin da yake riƙe da kundi daban, kuma da alama ba sa ga-maciji da juna.

Bayan addu'ar uku na koma aiki. Na zauna, hannuna ya rubuta abin da ya saba, ina jiran jan rubutu. Na'ura ta tambayi hedikwata, hedikwata ta ce tabbas ta san Baba, yana nan daram. Allo ya buɗe yana yi masa barka da zuwa.

Na miƙe tsaye ina kallon allon. A haka Hajiya ta shigo ta same ni.

"Malam, yau ranar awo ce, layin mata ya kai bakin titi, kai kuma kana tsaye kana yi wa kwamfuta ta'aziyya?"

Na ce, "Hajiya, sunan mamaci ne."

"To dawowa ya yi ya ce ya hana? Zauna ka yi aiki. Ladan ma ya tafi gare shi, ka ga ka yi masa sadaka."

Wannan magana ta kwantar mini da hankali har zuwa azahar. Daga nan tunani ya juyo ta ɗaya gefen. In lada yana tafiya, kuskure fa? In na rubuta wa mace rukunin jinin da ba nata ba, ko na tsallake maganin da yake tayar mata da ƙaiƙayi, wani abu ya faru, aka buɗe kati, sunan wa za a gani? Na mutumin da ba shi da bakin kare kansa. Sai na koma duba kowane kati sau uku kafin in adana. Wata mata a taga ta ce da ni, "Malam, in sai ka sauke shi kamar Alƙur'ani kafin ka ba ni katin, ka faɗa mini in je in haihu in dawo." Kuma ko ban yi kuskure ba, ga shi a rubuce ƙarƙashin kowane kati cewa Baba ya yi aiki ranar kaza, alhali ni na taya saka shi a kabari kafin ranar. Hajiya ta ce na'ura ce take rubutawa, ba ni ba. Amma yatsun nawa ne.

Na kai maganar wurin limamin masallacinmu bayan sallar la'asar. Na yi masa bayanin rumbu da kundi iya fahimtata, ya saurara da haƙuri. Ya tambaye ni ko marigayin ya ba ni izini, na ce ya wakilta ni da bakinsa. Ya ce wakilci yana faɗuwa da rasuwar wanda ya wakilta. Ya ƙara da cewa larura tana da nata hukuncin, marasa lafiya ba za a bar su a tsaye ba, in ci gaba amma in nemi hanyar fita. Magana biyu ya faɗa, mai nauyi da mai sauƙi. Kamar yadda na saba, mai nauyin na ɗauko na taho da ita gida, mai sauƙin na baro ta a masallaci.

Na yi wata biyu a haka. Sai wata safiya na'ura ta fito da wani dogon Turanci, na kira Hajiya ta karanta. Ta ce wai kalmar sirrin Baba ta tsufa, dole a canza. Kafin a canza kuma, kundin hedikwata zai aika lamba shida zuwa wayar mai sunan don ya tabbatar shi ne. Lambar minti biyar take yi ta mutu. In aka yi kuskure sau uku a jere, sunan ya kulle.

Wayar Baba tana hannun matarsa, wadda muke ce wa Inna, ita kuwa tana cikin takaba. Ba zan kutsa mata cikin gida ba. Hajiya ta tsara abin kamar mai shirin yaƙi: ita za ta zauna gaban kwamfuta, ni in tsaya a soron gidan Baba da wayata, maiɗakina ta shiga ciki ta karɓo lambar. Na biya gida na ɗauko maiɗakina, muka hau a-daidaita-sahu zuwa bakin lungu, muka ƙarasa a ƙafa.

Tana yin sallama ta shige, na kira Hajiya na ce ta danna. Kuskurena ke nan. Na lissafa daga soro zuwa ɗakin Inna taku ashirin ne. Ban lissafa gaisuwa ba. Wace mace ce za ta shiga wurin mai takaba ta ce miƙo waya? Daga inda nake ina jiyo su. Ina wuni, ya gida, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah Ya jiƙan Baba, Allah Ya sa can ta fi nan. Aka kawo ruwa. Aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Akwai wata 'yar'uwar Inna da ta zo daga ƙauye taya ta zama, ita ma aka ɗauko tata gaisuwar daga farko. Ina tsaye ina kallon agogo, ina gyaran murya kamar mai tari. Da maiɗakina ta fito da lambar a tafin hannunta, na karanta wa Hajiya, Hajiya ta ce lambar ta daɗe da bin mai ita.

Na ce da maiɗakina, "Minti goma sha ɗaya!"

Ta ce, "Au, so kake a ce matar wane ta shiga gidan rasuwa kamar mai karɓar wutar gawayi? In kai ba ka da kunya ni ina da ita."

Karo na biyu na yi dabara. Na bari ta koma ta zauna kusa da wayar, sannan na ce Hajiya ta danna. Lamba ta zo, maiɗakina ta rubuta, ta taso. A tsakar gida ta yi kiciɓis da maƙwabta mata uku sun shigo ta ƙofar da ke tsakanin gidajen. Ɗaya daga cikinsu tsohuwar malamarta ce ta Islamiyya. Ina leƙe ta gefen ƙyaure na ga maiɗakina ta durƙusa har ƙasa. Na san an gama.

Hajiya ta ce a waya, "Malam, saura ɗaya. In wannan ya wuce, ka nemi wanda zai ba matan nan haƙuri, ni ba zan fita ba."

Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi, sai na ji takun takalmi ya tsaya a bayan ƙyauren da ya raba soro da cikin gida. Muryar Inna ce. Ta ce, "Ɗan nan, kana nan?"

Na durƙusa duk da ba ta ganina. Na fara, "Inna, ina wuni, ya haƙu..."

Ta ce, "Riƙe gaisuwarka tukuna, na ga ita take kashe muku lambar. Ce mata ta danna."

Hajiya ta danna. Wayar ta yi ƙara a bayan ƙyaure, Inna ta karanto lambobin ɗaya-ɗaya, ina maimaita wa Hajiya. Na ji Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ta kashe. Sannan na yi gaisuwata cikakkiya, Inna ta amsa. Na ɗauka mun gama, sai na ji ba ta tafi ba.

Ta ce, "Ina da tambaya. Kullum takwas saura kaɗan wayar nan sai ta yi ƙara. Na ba 'yar'uwata ta kai aka karanta mata, aka ce wai ana shaida masa ya shiga aiki. Kai ne?"

Ban san kundin yana aika saƙo duk lokacin da aka shiga ba. Baba bai taɓa faɗa mini ba, don shi saƙon waya bai taɓa buɗewa ba. Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Ai dama na ce. Shi bai taɓa isa kafin tara ba." Ta ɗan yi dariya. "Ranar farko da ta yi ƙara, bayan uku, zama na yi a ƙasa. Yanzu kuwa in na ji sai in ce, to, ya isa lafiya. Sai na faɗa nake tunawa."

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Zan gyara."

Ta ce, "Ni ban ce ka gyara komai ba. Tambaya na yi."

Na san ba ta ce ba. Maiɗakina ma a hanya ta maimaita mini cewa ba ta ce ba. Amma kwana uku duk lokacin da na ɗora yatsa a madanni, sai in ga tsohuwa a kan tabarma waya tana ƙara a gefenta. Ranar Litinin kafin Hajiya ta iso, na kira Injiniya na ce masa Baba ya rasu.

Ya yi salati, ya yi addu'a, ya tambayi yaushe. Na faɗa masa. Na ji yana danne-danne. Ya ce, "Wata biyu? Ga shi nan ranar Juma'a ma ya shiga, ya buɗe kati talatin da wani abu. Wa yake shiga da sunansa?"

Na ce, "Ni ne."

Danne-dannen ya tsaya. Sannan ya ce, "Malam, maganar rasuwar na ji. Ta biyun ban ji ba, layin ba kyau. Kuma kada ka maimaita ta a ko'ina, don a dokar ƙungiya shiga da sunan wani kora ce, ga mai shiga da mai bayarwa." Ya ce zai sanar a cire sunan. Kafin in gama shan kunun da na taho da shi, na gwada, jan rubutu ya fito. Saka suna ya gagari shekara goma sha tara, cirewa ko kunu bai huce ba. A nan dai na shaida ci gaban yana aiki.

Hajiya ta iso ta tarar da layi, da ni, da jan rubutu. Ba zan rubuta duk abin da ta faɗa ba, don ta girme ni kuma tana da gaskiya a rabinsa. Da ta sauko ta ce, "Matsa in sa maka nawa. Ni dai da raina, ko shi ma sai an tambayi liman?"

Na ce, "Hajiya, naki yana buɗe har ɗakin magani, kuma an ce kora ce. Sannan rai a hannun Allah yake, Baba ma da ransa ya ba ni."

Ta ce, "Au, fata kake yi mini? Sannu, Malam mai tsoron Allah. Ga matan nan, je ka yi musu wa'azi."

Na ciro tsofaffin katunan takarda daga kabad na koma rubutu da biro. Abin da na rubuta da safe, sai wata nas ta sami sarari ta shigar da shi da sunanta, wani lokaci bayan kwana biyu. Mai tsohon kati kuwa sai ta jira nas ta gama allura ta zo ta buɗe mata. Layin da yake ƙarewa kafin azahar yanzu yana kai la'asar. Wannan ni na jawo, kuma matan da suke tsaye da tsohon ciki ba su san Baba ba, ba su san kundi ba.

Na je hedikwata da kaina. Injiniya ya ce shi haɗa na'ura da kundi ne aikinsa, ba ya saka suna. Ofishin ma'aikata suka ce suna ba ya shiga kundi sai da lambar ma'aikaci, lamba ba ta fita sai da takardar ɗauka, takardar ɗauka kuma yanzu sai mai satifiket ɗin sakandare. Na tambaya ko zan ga wanda yake riƙe da kundin in yi masa bayani baki da baki. Matar da ke kan tebur ta ce ai kundin ba a nan yake ba, wani kamfani ne yake kula da shi daga wani gari, su ma fom suke cikewa su tura. Na ce wane gari? Ta ce za ta tambaya. Ta ba ni ruwan roba mai sanyi, ta yaba da gaskiyata, ta ce irinmu ƙasar nan take buƙata.

Ba a jima ba hedikwata ta lura aikin ɗakin katinmu ya faɗi warwas tun bayan rashin gwarzonsu na kwamfuta. Sun rubuto wa Hajiya cewa farkon wata mai kamawa za su turo mai difloma ya cike gurbin Baba. Takardar ba ta ce komai a kaina ba. Hajiya ta karanta mini ita ba tare da ta dube ni ba, ta ce za ta yi magana. Inna kuma ta aiko maiɗakina ta gaya mini wayar ta yi shiru, ta gode, sai dai da ban yi gaggawa ba. Na kasa gane ko godiya ce ko faɗa, kuma ban da ƙarfin halin komawa in tambaya.

Abin da ya sa na daure na rubuta wannan shi ne ina neman sani, kuma na ƙure duk wanda zan tambaya. A cikin masu karatu ba za a rasa wanda yake aikin irin wannan kundi ba. Ranar da na je hedikwata, Injiniya ya faɗa mini a tsaitsaye cewa a wasu wuraren kundin yana da rukuni na 'yan wucin gadi, ana ba su suna na ɗan lokaci ana sabuntawa, amma bai san ko namu yana da shi ba. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, wa ake rubuta wa, kuma da wane irin lafazi, don kada in rubuta abin da zai jawo wa Hajiya ko Injiniya matsala? Na biyu, katunan da na shigar a wata biyun nan bayan rasuwar Baba, akwai hanyar da za a cire sunansa daga ƙarƙashinsu a sa nawa? Na rubuta lambobinsu duka a takarda, ban tsallake ko ɗaya ba. Ko da ba za a bar ni a ɗakin kati ba, ina so in akwai kuskure a cikinsu a san wanda za a tambaya. Duk mai masaniya, don Allah ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, da Hausa in zai yiwu, kuma kafin wata ya mutu.